Kwana biyu a tsakiyar Edinbara da dattijuwa da keken jariri: in ɗauki hayar mota?

Baban_Ilham

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san birnin Edinbara na Sikotland ciki da waje. Za mu iso ta jirgin ƙasa daga Landan ranar Alhamis da yamma, a tsakiyar watan Nuwamba, mu tashi ta jirgin sama ranar Lahadi da sassafe. Mu huɗu ne: ni da maiɗakina, da 'yarmu mai wata goma da ake turawa a keke, sai Hajiya mahaifiyata. Hajiya na fama da ciwon gwiwa. Tana takawa, amma matakala da hawan tudu suna wahalar da ita.

A taswira na ga komai kusa da juna yake, to amma saboda Hajiya ina tunanin ɗaukar hayar mota. Ya kuka gani? Sannan me ya kamata mu gani a ranakun Juma'a da Asabar ba tare da mun rasa sallar Juma'a ba? Ina ake samun abincin halal, kuma ina ake sayen tsaraba ba tare da an yi wa baƙo tsada ba? Allah Ya saka da alheri.

Mazaunin_Leith

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A gaida Hajiya, Allah Ya ƙara mata lafiya.

Kada ka ɗauki mota. Babban titin kasuwa, Princes Street, kusan duka na bas ne da tiram (jirgin ƙasa na cikin gari mai bin titi) da tasi da kekuna. Wurin ajiye mota a tsakiyar gari yana da tsada kuma yana da wuyar samu, ga kyamarori a kan layukan bas, kuma tun Janairun 2024 duk wanda ya ɗora tayar mota a kan hanyar masu tafiya a ƙasa ana cin sa tarar fam 100. In ma wani ne zai ara maka tasa, ka tambayi shekarunta tukuna. Tun 1 ga Yunin 2024 aka fara cin tarar fam 60 ga motar da hayaƙinta bai cika ƙa'ida ba in ta shiga tsakiyar gari, wato galibi mai fetur da ta girmi 2006 da mai dizal da ta girmi Satumban 2015. Ƙarshenta ka ajiye motar nesa, Hajiya ta yi tafiyar da kake guje mata.

Abin da taswira ba ta nuna maka shi ne garin hawa-hawa ne. Tsohon gari yana kan doron tudu da ya gangaro daga fadar kan dutse, wato Edinburgh Castle, zuwa fadar Holyroodhouse. Sabon gari yana arewa da shi, a shimfiɗe. Tsakaninsu kwari ne, kuma a cikin kwarin nan tashar jirginku take, wadda za ka ga an rubuta Edinburgh Waverley. Saboda haka duk ta inda ka fita daga tashar, hawa ne. Akwai ma tituna da a waya za ka ga sun gitta juna alhali ba su haɗu ba: Cowgate tana wucewa ne ta ƙarƙashin George IV Bridge da South Bridge, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, tsayin bene da yawa a tsakaninsu. Waya za ta ce maka minti huɗu, ta tura ka wani lungu irin Fleshmarket Close, ka tarar matakala ce zalla daga ƙasa har sama. Da keken jariri da ciwon gwiwa, ku ɗauka duk lungun da sunansa ya ƙare da Close ko Steps ba naku ba ne.

Ƙa'idar da za ta cece ku ɗaya ce: a hau da abin hawa, a sauko da ƙafa.

Kafin ku baro Landan ka nema wa Hajiya taimakon fasinja da ake kira Passenger Assist. Kyauta ne, ma'aikaci zai tarbe ku a bakin jirgi. A Waverley ka bi alamar lif. In masaukinku na sabon gari ne, ku fita ta ɓangaren Princes Street, akwai lif da matakala mai tafiya da kanta. In tasi kuke so, ku fita ta Market Street, nan layinsu yake. Baƙar tasi ana tsayar da ita a titi in fitilarta ta sama tana kunne, kuma keken jariri yana shiga ba sai an naɗe shi ba. Sauran motocin haya sai an kira su ta manhaja ko ta waya, ba a tare su a hanya.

Bas ɗin gari na kamfanin Lothian ne. Kuɗin tafiya ɗaya ne komai nisa, fam biyu da 'yan kai ga babba, yaro ƙasa da shekara biyar kuma kyauta. Direba ba ya ba da canji, duk abin da ka jefa a akwatin ya tafi. Mafi sauƙi ka taɓa katin banki a na'ura sau ɗaya lokacin shiga. In ka yi ta hawa a yini, akwai iyakar da cajin ba ya wucewa, amma fa sai da kati ɗaya tak. In ka taɓa da kati da safe ka taɓa da waya da rana, na'urar mutum biyu ta ɗauke ka ko da asusun ɗaya ne. Kowane babba ya riƙe nasa. Ka miƙa hannu in bas na zuwa, in ba haka ba zai iya wucewa. Wurin keken jariri kaɗan ne, kuma in mai keken guragu ya shigo shi ne a gaba, sai ku naɗe naku. Bas mai lamba 23 da 27 suna hawa The Mound zuwa George IV Bridge, su ne za su ɗauke muku hawan tudun. Ka dai duba manhajar kamfanin da safe, aikin titi yana yawan karkatar da su.

Tiram ya fi bas daɗi ga mai keke domin daɓensa daidai yake da dandamali. Layi ɗaya ne, daga filin jirgin sama ta Haymarket da Princes Street da St Andrew Square, ya gangara Leith har Newhaven. A nan baƙi ke faɗawa: ba a sayen tikiti a ciki. Ko ka yanka a na'urar da ke dandamali kafin ka shiga, ko ka taɓa kati a dandamali kafin shiga ka sake taɓawa bayan ka sauka. Wanda aka samu ba tikiti fam 10 zai biya nan take, wanda ya manta taɓawar sauka kuma a caje shi kuɗin tafiya mafi tsada.

Batun masauki, in ba ka riga ka kama ba, ka nemi otal mai lif a sabon gari ko kusa da Haymarket. Gidajen haya na tsohon gari suna da kyau a hoto, amma da yawansu a hawa na uku ko na huɗu suke, matakalar dutse mai murɗawa, ba lif. Ka kuma sani abin da suke kira hawa na ɗaya a nan, sai an hau bene guda ake isa gare shi.

Malamar_Southside

Duk abin da Malam ya faɗa a sama haka yake. Bari in tsara maka ranakun, Baban Ilham, domin a Nuwamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe 4, yinin gajere ne ƙwarai.

Juma'a ku fara da fadar kan dutse. Ana buɗewa 9:30. Ka sayi tikiti a intanet tun kafin ku zo, ya fi na bakin ƙofa sauƙi kuma an ba ka lokacin shiga. Ku ɗauki tasi ya kai ku iya inda aka bari mota ta kai, kada ku ce za ku hau da ƙafa. Cikin fadar kanta hawa ne a kan daɓen duwatsu masu santsi in an yi ruwa, amma suna da ƙaramar mota da ke kai masu wahalar tafiya daga ƙofa zuwa farfajiyar sama, kyauta. Ka gaya wa ma'aikata tun a bakin shiga. A saman ne ake ajiye kambun sarautar Sikotland da sanda da takobi, kusa kuma da ƙaramin ɗakin ibada na St Margaret, na ƙarni na 12, wanda shi ne gini mafi tsufa a birnin. Dutsen naɗin sarauta da wasu ke zuwa nema ba ya nan yanzu, an mayar da shi gidan tarihi na Perth a 2024. Ba a shiga da akwati ko babbar jakar goyo, kuma babu wurin ajiya, don haka ku bar kaya a otal. Jaririyar kuma zanen goyo ya fi mata keke a can, duwatsun suna girgiza yaro sosai.

Wajen 11:30 ku fito ku gangaro Royal Mile, babban titin tsohon gari, kaɗan, ku karya dama a George IV Bridge. Wannan titin a shimfiɗe yake, gada ce a kan kwari. Ku leƙa Victoria Street daga sama ku ɗauki hoto, ba sai kun sauka ba, domin wanda ya sauka sai ya hawo. A ƙarshen gadar, hagu, Chambers Street ce, inda babban gidan tarihi na ƙasa yake. Shiga kyauta ne, 10 zuwa 5 kullum, akwai lif ko'ina, da kujeru, da banɗaki mai wurin canza wa yaro, da ɗumi. A nan aka ajiye tunkiyar nan Dolly, wadda masana suka samar a 1996 daga ƙwayar halittar wata tunkiya. Ku hau lif zuwa rufin ginin, ana ganin fadar da rabin garin ba tare da an taka tudu ba.

Daga nan zuwa Babban Masallacin Edinbara da ke Potterrow bai wuce tafiyar minti biyar zuwa bakwai ba, kuma ba hawa. An buɗe shi a 1998, yana gefen jami'a, akwai ɓangaren mata. Ka duba lokacin huɗuba a shafinsu a makon da za ku zo domin yana canzawa da yanayi, ku kuma je da wuri, ɗalibai na cika shi. A wannan watan La'asar da Magariba suna biyo Azahar kusa-kusa, saboda haka ya fi ku ci abinci a unguwar ku koma masallacin, maimakon ku yi nisa.

Wannan tsarin zai sa ku rasa bindigar ƙarfe ɗaya da ake harbawa daga fadar tun 1861. Ba asara ba ce. Ana harba ta kullum ban da Lahadi da ranar Kirsimeti da Juma'ar Ista, kuma ana jin ta sarai daga lambun Princes Street. Ku ji ta ranar Asabar daga ƙasa, ya ma fi wa kunnen jaririya.

Asabar da safe ku hau bas 35 daga Chambers Street ko daga Royal Mile ya sauke ku a ƙasan tudun. Fadar Holyroodhouse, masaukin Sarki in ya zo Sikotland, da kuɗi ake shiga. Majalisar dokokin Sikotland da ke fuskantar ta kyauta ce, ana dai binciken jaka a ƙofa. In za ku zaɓi ɗaya saboda gajiya, ni majalisar zan ce, ko don lif da wurin zama. Dutsen Arthur's Seat da ke bayansu mita 251 ne, ku kalle shi daga ƙasa kawai. Calton Hill ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba, amma shi ma da matakala yake farawa ta ɓangaren Regent Road, sai dai kai da maiɗakinka ku yi karɓa-karɓa in Hajiya na hutawa.

Lema ba ta da amfani sosai a garin nan, iska ke juya ta. Rigar ruwa mai hula, da takalmi mai kama ƙasa, da ledar rufe keken jariri.

Maman_Biyu

Sannu Baban Ilham, a gaida Hajiya da amarya. Ni a kan fadar kan dutse na ɗan saba da Malama. Ko da motar ta kai Hajiya sama, ɗakunan suna da matakala da cunkoso, ga sanyi da iska a fili. In ranar gwiwar ta tashi, gara ita da maiɗakinka su wuce gidan tarihi kai tsaye, kai ka hau ka same su. Kuɗin tikitin ba kaɗan ba ne da za a biya mutum ya zauna a benci.

Abinci kuwa, in kun fito daga masallaci kun riga kun iso. Nicolson Square da Nicolson Street har zuwa Clerk Street cike suke da gidajen abincin halal na 'yan Fakistan da Turkawa da Larabawa, da mahauta da shagunan kayan miya. Sanannen cikinsu shi ne Mosque Kitchen: shinkafa da miyar kari, a zuba maka nan take, farashin ɗalibai. Leith Walk ma haka, tiram na bi ta kanta. A kan Royal Mile kuwa kuɗin wuri kake biya, ba na girki ba.

In kuna son ɗanɗana na 'yan ƙasa, kifi ne mafita, amma da tambayoyi. Kifi da soyayyen dankali a nan galibi da kifin hadok ake yi. Ka tambayi abu biyu kafin ka biya: ko an kwaɓa ƙullun da giya, domin wasu na yin haka, da kuma ko man da ake soya kifin shi ake soya tsiran alade da shi. Ƙananan shaguna da yawa kasko ɗaya ne. Za a tambaye ka ko a sa gishiri da miya, wata miya ce ruwan kasa mai tsami da 'yan Edinbara ke so, ka ce a sa a gefe ka fara gwadawa. Akwai miyar Cullen skink, ta kyafaffen kifi da dankali da albasa da madara, tana da kyau ga dattijuwa a ranar sanyi.

Waɗanda ake ruɗuwa da su: miyar lentil, wani ƙaramin wake, kamar ba nama a cikinta, amma a al'adance da romon ƙashin alade ake dafa ta, sai an tambaya. Black pudding da ke cikin karin kumallon otal jini ne. Haggis kayan cikin tunkiya ne da hatsin ots da albasa da yaji, ba yankan Musulunci ba ne sai in an rubuta, amma akwai na ganye zalla da ake samu kusan ko'ina, kuma ba laifi. Kayan zaƙin da ake kira cranachan da giyar wiski ake haɗa shi. Ruwan famfo kyauta ne a gidan abinci kuma mai kyau ne, ka ce na famfo kake so, in ba haka ba a kawo na kwalba a caje ka. Ka duba ƙasan rasit, wasu wuraren sun riga sun ƙara kashi 10 ko fiye na hidima, kada ka biya sau biyu. Ranar Asabar da dare kuma sai ka kama tebur tun da wuri, kuma girki na tsayawa wajen 9 zuwa 10 a wurare da yawa.

Sayayya. Princes Street gefe ɗaya ne ke da shaguna, ɗayan lambu ne, nan Primark da Marks & Spencer da Boots suke. A gabashinta akwai St James Quarter da aka buɗe a 2021, rufaffe ne, da lif da wurin shayarwa, John Lewis na ciki. Nan ya fi dacewa da ku in ana ruwa. George Street da Multrees Walk na masu hannu da shuni ne. A lokacin da za ku zo mai yiwuwa an buɗe kasuwar Kirsimeti a lambun, yammacin Asabar ba a iya tura keke a wurin saboda jama'a, ku gama da Princes Street kafin azahar ta wuce.

Tsarabar da ta cancanci kuɗinta ita ce kayan ulu, kuma a nan ake yi wa baƙi wayo. Ka juya takardar da ke jikin mayafin wuyan ka karanta. In an ce an tsara shi a Sikotland, ba a ce an saƙa shi a can ba. Ka nemi wanda aka rubuta an yi shi a Sikotland, ka kuma duba kason ulun: kashi 100 na kashmiya (ulun akuya mai laushi da tsada) daban, gauraye daban, ulun ɗan rago daban, roba mai kama da ulu daban. Mayafin da aka ce kashmiya ne ana sayar da uku a farashin abincin rana, ka san amsar. Ulun ɗan rago na gaske ya fi sauƙin kuɗi kuma yana daɗewa. Yadin Harris Tweed na asali yana da tambarin ƙwallo mai gicciye a kai, kuma dokar 1993 ta ce sai wanda mutanen tsibiran Outer Hebrides suka saƙa da hannu a gidajensu ne zai ɗauki sunan. Biskit ɗin shortbread kuma a babban kanti za ka saya, kamfani ɗaya ne da na shagon 'yan yawon buɗe ido, gwangwanin ne kawai ya bambanta. Kada wani ya ce maka za a mayar maka da harajin kaya a filin jirgi, an soke wannan tun 1 ga Janairun 2021. Leda ma sayen ta ake yi, peni 10 zuwa sama.

Baban_Ilham

Madalla, na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na fasa motar. Saura biyu: jirginmu na Lahadi ƙarfe 6:30 na safe ne, tiram zai kai mu? Sannan wani ya ce min kuɗin Sikotland daban ne da na Ingila, sai mun yi canji?

Mazaunin_Leith

Tiram ba zai yi muku ba, bai fara aiki a lokacin da ya kamata ku bar otal ba. Bas ɗin filin jirgi, Airlink 100, yana aiki dare da rana, yana tashi daga kusa da Waverley ya bi ta Haymarket, tafiyar kamar rabin awa ce, kuma yana da wurin akwatuna. Kuɗinsa daban ne da na bas ɗin gari. Amma ku uku manya da kaya da jaririya da ƙarfe huɗu na dare cikin sanyin Nuwamba, ni tasi zan ce. Ka sa otal su kama maka tun daren Asabar, ka gaya musu yawan akwatuna domin a turo babba, ka kuma tambaya ko kuɗin sauke fasinja a bakin filin jirgi yana cikin farashin.

Kuɗi kuwa fam ɗin ɗaya ne, ba canji. Bambancin shi ne bankuna uku na Sikotland suna buga takardunsu: Bank of Scotland, da Royal Bank of Scotland, da Clydesdale Bank. Takardun Ingila da kuka zo da su suna aiki a ko'ina. Matsalar a komawa take. Wasu shagunan Ingila suna jan ƙafa wajen karɓar na Sikotland, 'yan canji a wajen Birtaniya kuma da yawa ba sa karɓa ko su karya farashi. In Hajiya za ta koma da ragowar kuɗi a hannu, ku kashe na Sikotland a nan, ko ku roƙi mai kanti ya ba ku canji da takardun Bank of England. Galibin wurare ma kati suka fi so, wasu ba sa karɓar tsabar kuɗi sam.

Malamar_Southside

Ƙari kan masauki: daga 24 ga Yulin 2026 birnin yana ɗora harajin baƙi na kashi 5 cikin 100 a kan kuɗin ɗaki, na darare biyar na farko. Ka duba ko yana cikin farashin da aka nuna maka ko sai a otal za a karɓa. Ka kuma rubuta musu tun yanzu cewa kuna son gadon jariri da ɗaki mai shawa ta tsaye, domin otal-otal da yawa bahon wanka ne mai tsayin baki, kuma tsallaka shi da ciwon gwiwa ba ƙaramin aiki ba ne.